Agwagwar da Ba Ta Cikin Jan Littafi

Port Avery, Missouri
6 ga Maris, 1994

Zuwa ga 'yata Darlene,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina samun ƙarfin jiki, ke da mijinki Curtis da baƙuwarmu. Sannu da arziki, sannu kuma da juriya.

Tun da Curtis ya bugo waya ranar Laraba ƙafata ba ta zauna wuri ɗaya ba. Na faɗa a shagon aski, na faɗa a coci, na gangara bakin kogi na faɗa wa masu kamun tarwaɗa. Eldon maƙwabcina ya ce in ya ƙara jin na faɗi nauyin jaririyar nan sau ɗaya zai ƙaura daga unguwar. Na ce masa ya hanzarta, sabon maƙwabci bai ji ba tukuna.

Shekara goma sha huɗu kuna jira, ni ma ina jira tare da ku, ko da yake ban taɓa faɗa ba. Da Curtis ya ce kun sa mata Nadine, sunan mahaifiyarki, sai na ce masa wayar ba ta fita sosai, na ajiye. Ki gaya masa lafiyar wayar ƙalau.

Kin tambaye ni da Kirsimeti me nake yi da yinina yanzu. To, laburaren gari sun samo kaset-kaset na littattafan Tsohon Matuƙi, kamar yadda muke ce masa a gidanmu, mutumin kogin nan da ya tuƙa jirgin ruwa kafin ya koma rubuta abin dariya. Wani mai murya kamar ta limamin coci ne ya karanta su. Da safe sai in fito baranda da rikoda, in ɗauko jan littafin nan nasa da mahaifiyarki ta bari, mutumin yana karantawa ina binsa da ido. Jiya na yi dariya har kofi ya sarƙe ni. Eldon ya leƙo ta kan shinge ya tambaya ko ya kira motar asibiti.

Ki shafa min kan takwarar mahaifiyarki. Ki ci abinci, kada ki ce za ki tashi yin aiki.

Mahaifinki,
Orval Kimbrel

*

Tacoma
19 ga Maris

Baba,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, sai rashin barci. Jikarka ta ɗauko kunnuwanka, Allah ya ba ta haƙuri.

Har yanzu ina mamakinka. Shekara da shekaru Mama ce ke rubuto wasiƙa, kai sai dai a ƙasa ta ce "Babanki na gaishe ki." Ga shi ka tsufa ka zama marubuci, har da shafi biyu.

Da ka ambaci jan littafin sai na ajiye wasiƙar. Ka tuna in ka sauko daga aikin jirgin ruwa hutun kwana talatin, bayan cin abincin yamma kakan ɗora ni a cinya a kicin ka buɗe shi? Mama tana gefe tana ɗinki tana ɗan tarin nan nata. Labarin da na fi so shi ne na agwagwar kukun jirgi, wadda ke tsoron ruwa. In jirgi na kan zurfi sai ta ƙule a bayan murhu ta yi tsit, in ta ji ƙasa ta matso kusa sai ta fito tana kuka don murna, har matuƙi ya daina duban alamun kogi, da kukanta yake kauce wa tudun yashi.

Ina roƙon abu ɗaya. Tunda kana da rikoda, ka karanta labarin nan daga littafin ka ɗauka a kaset ka aiko wa Nadine. Ka kuma rubuto min sunan labarin da lambar shafin. Na neme shi a laburaren nan ban same shi ba, wataƙila bugunsu daban ne.

Curtis na gaishe ka, ya ce ya san lafiyar wayar ƙalau.

Taka,
Darlene

*

Port Avery
27 ga Maris

Zuwa ga Malama Odessa Pruitt,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan ƙafar ta yi sauƙi, kuma ritaya ta karɓe ki a wurin ƙanwarki. Ajin yamma ya yi kewarki. Sabon malamin yaro ne mai kirki, amma ba ya ƙwanƙwasa tebur da fensir, shi ya sa tsofaffin ke gyangyaɗi.

Albishirinki, na yi jika, mace. Zan aiko miki hoto in ya iso.

Sai kuma matsala. Ke kaɗai kika san cewa ina da shekara sittin da huɗu na fara bambanta baƙaƙe, bayan rasuwar matata. Darlene ba ta sani ba. A duk shekarun da na yi ina zuwa ajinki Talata da Alhamis, ce mata na yi ina zuwa wasan karta a wurin tsofaffin ma'aikatan jirgi.

Tana ƙarama nakan buɗe jan littafin Tsohon Matuƙi in yi kamar ina karanta mata. Daga kaina nake zubo labaran. Yanzu ta ce in ɗauki ɗaya a kaset, na wata agwagwa, in kuma ba ta lambar shafi. Malama, babu agwagwa a littafin nan. Na bi shi da kaset daga bango zuwa bango, kamar yadda kika koya min, yatsa a kan layi, kunne a kan murya. Sai bana na san abin da ke cikin littafin da na riƙe shekara da shekaru. Yana da daɗi ƙwarai, amma babu agwagwa.

Na ce wa matar laburare ta tara min duk sauran kaset ɗinsa. Mutumin da ya rubuta littafi ya fi ashirin a kan kogi ɗaya, ai ba zai rasa agwagwa ko guda ba. In na samu ko mai kama da ita ce, sai in ce wa Darlene ƙuruciya ce ta cakuɗa mata.

In kuma ba a samu ba, ga shawarata. Kina da tafireta. Ni in faɗa, ke ki buga a tsohuwar takarda, ki zuba masa manyan kalmomi irin na mutanen da, sai in ce shafi ne da ya ɓalle daga littafin. Ba cuta ba ce, don jaririya ce.

Ɗalibinki mai biyayya,
Orval Kimbrel

*

Cairo, Illinois
4 ga Afrilu

Mista Kimbrel,

Na samu wasiƙarka. Ina taya ka murna da zuciya ɗaya, Allah ya raya ta. Ƙafa da sauƙi.

Kuskuren rubutu uku na gani, na yi musu zobe na maido maka. Shekara shida da suka wuce sunanka kaɗai kake iya zanawa, don haka ban yi fushi ba.

Tafiretata ba ta buga shafin bogi. Ban kwashe shekara huɗu ina koya maka rubutu don ka zama ɗan jabu a tsufanka ba. Kuma jaririya 'yar wata ɗaya ba ta nemi lambar shafi ba, uwarta ce ta nema. Ka tambayi kanka me ya sa.

Ci gaba da sauraro, ba zai cuce ka ba. In ka gama da ƙagaggun labaran ka karɓi tarihin rayuwar Tsohon Matuƙin. Za ka ji cewa yawancinsa da baki ya faɗa, yana zaune, wani yana rubutawa. Ba wanda ya ce don haka ba nasa ba ne.

Na sha gaya maka tun kana aji ka faɗa wa 'yarka, kana cewa sai ka ƙware. Ka ƙware.

Malamarka,
O. Pruitt

*

Port Avery
24 ga Afrilu

'Yata Darlene,

Ina gaishe ku duka. Hoto ya iso. Kunnuwan nan ba abin haƙuri ba ne, da irinsu na yi shekara arba'in da ɗaya a jirgi ina jin canjin kukan inji kafin injiniya ya ji. Na sa hoton a aljihun riga. Eldon in ya hango ni yanzu sai ya shige gida.

Maganar kaset, ki ƙara min lokaci. Ban ci karo da shafin ba tukuna, kin san littafin da kauri. Na ce ko a wani littafin Tsohon Matuƙi ne, don haka ina bin su ɗaya bayan ɗaya. Na gama akwatin kaset tara, saura huɗu.

Ba na jin wahalar aikin. Kogi ya cika, ƙanƙara ta gama narkewa, jiragen hatsi sun fara wucewa. Ina zaune a baranda ina ɗaure tumatir a jikin sanda, mutumin nan yana ba ni labarin kwanar da na sani kamar tafin hannuna. Wani wurin ya yi daidai, wani wurin ya zuga ƙarya, sai in tsayar da rikoda in gaya masa. Shekaranjiya Eldon ya zo aron tsani, ya tsaya jin ƙarshen wani labari, bai tafi ba sai da muka juya kaset sau uku. Ya ce shi ba ya son littafi. Yau ma ya zo, da kujerarsa.

Yanzu na shiga tarihin rayuwarsa. A nan dariyar ta ragu. Ya binne mutanensa da yawa, har da 'ya'ya. Akwai inda yake maganar wata 'yarsa, na kasa juya kaset ɗin, na bar shi sai washegari.

Me zai hana in ɗauko miki wani labarin daga jan littafin? Akwai masu kyau da suka fi na agwagwa.

Mahaifinki mai ƙaunarki,
Orval

*

Tacoma
5 ga Mayu

Baba,

Ina gaisuwa. Nadine ta fara murmushi, Curtis ya ce iska ce a cikinta, ni na ce murmushi ne.

Ba na son wani labarin. Bari in gaya maka dalili, tunda na ga kamar ka manta.

Ina aji biyar malamarmu ta ce kowa ya tashi ya ba da labari daga littafin da ake karantawa a gidansu. Na ba da na agwagwa, aji ya yi ta dariya, har na ji kaina ya yi girma. Sai ta tambayi wa ya rubuta, na faɗa. Ta ce ta karanta duk abin da mutumin ya rubuta, babu wannan. Na ce Babana ne ya karanta min, da idona na ga yatsansa a kan layi. Washegari na kai jan littafin makaranta. Ta tsayar da ni gaban aji ta ce in nuna shafin. Na yi ta buɗawa har aka kaɗa ƙararrawa.

Ta ba ni takarda in kawo gida. Lokacin Mama tana asibiti an yi mata aiki, kai kaɗai ne a gida. Na miƙa maka ina jira ka ɗauki hularka mu tafi makarantar tare. Ka duba takardar, ka daɗe kana dubawa, ka ce, "To, ya yi." Ka sa hannu. Da gari ya waye ka hau jirgi, sai bayan kwana talatin.

Har na gama sakandare Agwagwa ake kirana.

Ban taɓa gaya wa Mama ba, na ga tana fama da kanta. Na yi shekaru ina cewa laifina ne, wataƙila a wani littafin ne na ruɗe. Amma ban taɓa gane yadda aka yi ka yarda da ita ba, kai da ka karanta min. Da na dawo da takardar malamar ta ce in riƙe ta don ta riƙa tuna min. Na riƙe. Ga ta nan na saka maka a ciki.

Ba rigima nake nema ba, Baba. Na kusa arba'in, ga 'ya a hannuna. Lambar shafin kawai nake so, in gani da idona sau ɗaya.

Darlene

*

Port Avery
11 ga Mayu

Darlene, 'yata,

Ina gaishe ki. Ki ba Curtis yarinyar ya riƙe, ki zauna.

Na karanta takardar. Ta ce kin ƙirƙiri labari kin jingina wa marubuci, an ba ki dama kin ƙi amsa laifi, za ki zauna a aji lokacin hutun tara har mako biyu, uba ya sa hannu in ya yarda. Ranar Litinin ɗin nan na karanta ta. Shi ne karo na farko.

A 1965 ban iya karatu ba. Ban iya ba lokacin da aka haife ki, ban iya ba ranar aurenki. Ina da shekara takwas mahaifina ya cire ni daga makaranta na koma taya shi jan raga. Sa hannun da kika gani a ƙasan takardar zane ne, mahaifiyarki ta koya min shi a kan teburin kicin mako guda kafin ɗaurin aurenmu. Tabaran da kullum nake cewa na manta a jirgi, idona bai taɓa buƙatarsa ba. Sau uku aka ce in zauna jarrabawar zama matuƙi, na ce ni ba na son aikin zama.

Ranar da kika kawo takardar na ga idonki ya yi ja. Na ɗauka ta neman izinin fita yawon makaranta ce, kina kuka ne don kewar uwarki. Na tsaya ina kallon takardar daidai tsawon lokacin da na ga mutane kan ɗauka wajen karatu, na sa hannu. Da na tambaye ki abin da ke ciki da kin faɗa min. Tsoro ya hana ni, kada ki ce in karanta mana. Na tsare kaina, ke kika biya, kuma ban ma san kin biya ba sai shekaranjiya.

Babu lambar shafi. Agwagwar dai an yi ta, ta wata kuku ce mai suna Ida a jirgin farko da na yi aiki, kuma da gaske tana tsoron ruwa. Sauran duk ni na ƙara. Haka duk labaran da kika ji a cinyata. Ina so ne ki zama 'yar gidan da uba ke buɗe littafi. Tarin mahaifiyarki kuma ba mura ba ce. In na daɗe a shafi ɗaya har za ki lura, sai ta yi tari, in juya.

Da ta rasu wasiƙun ta'aziyya suka taru a kan tebur, har da taki, ba mai karanta min. Shi ne na shiga ajin yamma na manya a ginin coci. Ba karta nake zuwa ba. Wasiƙar farko da na aiko miki, kwana tara na yi ina rubuta ta.

Har da wata dabara na so in yi miki a watan jiya, in sa a buga shafin ƙarya. Malamata ta ƙi. Gara ki ji wannan ma daga bakina.

Ba ki yi ƙarya ba a gaban ajin nan. Abin da ubanki ya nuna miki kika faɗa, kuma kika tsaya a kai. Na maido miki takardar. Ki juya bayanta. Na rubuta amsar da ta kamata, da rubutun da na koya, ba zane ba: "Ban yarda ba. Yarinyar ta faɗi gaskiya. Labarin nawa ne." Na san malamar ta daɗe da rasuwa. Ke na rubuta wa.

In kin ce kada in sake rubutowa sai kin neme ni, zan jira.

Mahaifinki,
Orval Kimbrel

*

Port Avery
2 ga Yuni

Malama,

Bayan gaisuwa. Na faɗa mata duka. Mako uku ke nan, ba wasiƙa, ba waya. Kullum ina tare mai kawo wasiƙu tun daga bakin titi, har ya fara girgiza min kai daga nesa.

Na gama akwati na goma sha uku na mayar laburare. Babu agwagwa ko ɗaya, sai dai a faranti. Eldon ya ce mu sake daga farko, na ce ya bari tukuna. Shi ma na gaya masa. Ya ce ya sani tun ranar da ya ga na shekara uku ina zuwa karta ban iya raba ta ba.

Ban yi nadama ba. Amma baranda ta yi shiru.

Ɗalibinki,
Orval

*

Tacoma
9 ga Yuni

Baba,

Ina gaisuwa. Na fara wasiƙa biyar na yaga.

Ban gama fushi ba, kada ka ɗauka na gama. Wani na kanka ne, wani na Mama, wani ban san na wa ba. Na fito da wasiƙarka ta farko na sake karantawa, ta kwana taran nan. Layi shida ce.

Na fasa maganar kaset ɗin. Za a yi wa Nadine baftisma ranar goma ga Yuli. Na san ba ka hawa jirgin sama, Curtis ya duba, jirgin ƙasa kwana biyu ne. Yanzu ka iya karanta sunayen tasha, ba ka da hujja.

Ka zo da jan littafin. Ka ɗora ta a cinya ka buɗe ko'ina ka ga dama. Ni zan yi maka tarin.

'Yarka,
Darlene